Gadon Anna na hannun tsofaffi

Duk wanda ya san Maraɗi ya san garin ƴan gudun hijira ne. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa bakin Gulbin Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuwa, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna Tibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi.

Amma sarakunan nan ba su iske fili ba kowa. Sun tarar da Anna, manoma da mahalba da maƙera, waɗanda suka riga su zama cikin kwarin, a ƙauyuka irin su Jiratawa. Kowane gida na da kan gidansa da abin da yake tsarguwa da shi. Kowace shekara akan yi buɗin daji, a duba yadda damina za ta kasance. Manomin da ya tara dami dubu yakan yi bikin dubu, ya zama Sarkin Noma. A fada ma an ba al'adun nan gurbi: Iya a Maraɗi da Inna a Tibiri su ne shugabannin bori, Durbi kuma shi ne mahaɗin sarki da Anna.

Yau kusan dukan jikokin Anna Musulmi ne, kuma da yawansu na jin nauyin ambaton wannan asali. A nan ne labarin wata al'umma ta nesa ke da amfani. A jihar Sonora ta ƙasar Meksiko akwai ƙabilar Yaki, wadda Turawa ke rubutawa Yaqui. Limaman Katolika sun shiga ƙasarsu a 1617, suka tara su cikin garuruwa 8. A farkon ƙarni na 20 gwamnatin Porfirio Diaz ta kwashe dubbansu zuwa aikin tilas a Yukatan. Duk da haka ba su saki harshensu da labarun kakanninsu da rawar barewarsu ba. Sanin tarihin nan ya taimake su riƙe kansu, har shugaba Kardenas ya amince da haƙƙinsu kan wani sashe na ƙasarsu a 1937.

Ba wanda ke kiran Musulmi ya koma ga tsafi. Sanin abu daban, bauta masa daban. Abin damuwa shi ne, babban littafi kan Annan kwarin Maraɗi, wanda Guy Nicolas ya fitar a 1975, da Faransanci yake, saura kuwa na cikin kawunan tsofaffi. Kowace shekara ana kai wasunsu kushewa da kirarinsu da sunayen zuriyarsu.

Alhazan birni da suka gina masallatai da makarantu ba za su kasa ɗaukar nauyin naɗe muryoyin tsofaffin nan ba. Malaman lakkol da ma'aikata kuma su rubuta da Hausa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.