Kafin A-kori-kura Ta Shiga Daji: Lissafi Ne Gaba da Ado

 A wannan mako za mu leƙa garejin bakanike, mu ga yadda ake shirya motar a-kori-kura domin tafiyar da babu kwalta, babu gidan mai, babu masauki, sai dai a kafa tanti inda dare ya yi.

Dukanmu mun san wannan mota. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara ƙera Hilux tun 1968, kuma har yau ita da 'yar'uwarta Land Cruiser ne ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku da Bilma. Masu yawon buɗe ido ma irinsu suke nema in za su shiga Yankari ko Gashaka-Gumti. Idan muka ga irin wannan mota an ɗaga ta sama, an sa mata manyan tayoyi da fitilu reras, sai ta burge mu. To amma abin da ke kai matafiyi gida lafiya lissafi ne, irin wanda muke yi a aji muna hamma.

Mu fara da nauyi. Kowace mota tana da iyakar kayan da kamfani ya ce ta ɗauka, kuma ga a-kori-kura irin Hilux abin bai wuce kusan kilo 1,000 ba, har da mutanen da ke ciki. Mu ɗauka mu huɗu ne za mu yi kwana biyar a daji. In kowannenmu kilo 70 ne, kilo 280 ya tafi tun ba mu ɗora ko tabarma ba. Ruwan sha, lita shida ga kowa a kullum, ya zama lita 120. Mu ƙara 40 na girki da na lagireto, ya zama 160. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kilo 160 ke nan. Man dizal ya ɗan fi ruwa sauƙi: jarka shida masu cin lita 20 za su kai kusan kilo 100. Mu ware kilo 30 na ƙarin safaya, 120 na abinci da tanti da tukwane, 80 na jak da sifanu da shebur, 70 na batir na biyu da ƙaramin firji da farantin sola. Ku haɗa ku gani: kilo 840.

Saura 160 kacal. Yanzu a ce mai motar ya je wajen mai walda ya sa an yi masa katuwar bambar ƙarfe a gaba, ya ɗaura na'urar jan mota mai igiyar ƙarfe, ya kuma kafa ragar ɗora kaya a sama. Ragowar ta ƙare, wataƙila har an zarce. Daga nan sai a fara tunanin abin da za a rage, kuma sau da yawa jarkar ruwa ce ake saukewa. Wasu kan ce ai sun canza sifirin da shokazoba sun sa masu ƙarfi. Gaskiya ne motar za ta daina durƙusawa, amma birki da akasil suna nan yadda kamfani ya yi su. Jakin da aka sauya wa akumari bai zama raƙumi ba.

Bayan yawan kaya, sai inda aka ajiye su. Malamin Fizis ya koya mana cewa kowane abu yana da cibiyar nauyi, kuma duk lokacin da ta yi sama, abin ya fi saurin kifewa. Shi ya sa ruwa da mai da batir suke zama a ƙasan bodi, kusa da bayan direba, a ɗaure tam. Sama kuwa sai marasa nauyi: tabarmi, barguna, tamfol. Motar da aka jibga wa jarkoki a ka, da zarar ta karkata a gefen tudun rairayi, sai dai a ce Allah Ya kiyaye.

Sai taya, kuma a nan ne darasin ya fi daɗi. Me ya sa raƙumi ke tafiya a rairayi ba ya nutsewa, alhali ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba? Tafinsa ne mai faɗi, yana baza nauyin a wuri mai yawa. Direbobin hamada dabarar raƙumi suke ara. A kwalta taya kan ɗauki iska wajen awo 30 zuwa 35 a ma'aunin mai faci. In an iso rairayi sai a sace iskar ta dawo wajen 18, tayar ta baje, ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Sharaɗin shi ne a riƙe famfo a mota, domin in aka koma kwalta da taya saɓa-saɓa aka yi gudu, za ta yi zafi ta fashe. Ga wani abin lura kuma: ɗaga bodi da dogon sifirin ba ya ɗaga tukunyar nan da ke tsakiyar akasil na baya, wadda ita ce ta fi kusa da ƙasa. Taya mai tsayi ce kawai ke ɗaga ta.

Kun taɓa ganin wani baƙin bututu da ya hau ta gefen gilashin gaba har saman mota? Da yawa suna zaton salansa ce. Hancin mota ne. Inji yana shaƙar iska kamar mu, kuma bututun yana ɗebo masa ita daga sama, inda ƙura ba ta kai ta ƙasa ba. In an zo tsallake rafi kuma yana hana shi shaƙar ruwa. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka ruwa kaɗan in ya shiga cikin inji yana aiki zai iya lanƙwasa ƙarafansa nan take. Batir na biyu shi ma yana da dalili: shi ke riƙe firji da fitila da cajin waya da dare, a bar na farko ya huta don ya tayar da mota da safe.

Kada mu ɗauka duk wannan wasa ne na masu kuɗi. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara. Ba yawon shaƙatawa suka fita ba, neman abinci ya fitar da su. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya jiƙansu. Hamada ba ta tambayar abin da ya kawo mutum. Saboda haka masana hanya ba sa shiga da mota ɗaya tilo, ba sa tafiya ba ja-gora, suna barin labarin hanyar da za su bi da ranar dawowarsu, kuma ruwansu kullum ya fi na kwanakin da suka ƙiyasta. A dazuzzukanmu na yau kuwa, sai an fara tambayar hukuma da mutanen gari halin tsaro kafin a ɗaura kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga aikin gida. Ku koma kan lissafinmu na sama, ku mayar da tafiyar kwana takwas maimakon biyar. Lita nawa na ruwan sha za a ƙara? In mai motar ya riga ya kashe ragowar kilo 160 a kan ƙarafa, me za ku sauke don ruwan ya samu wuri, kuma don me? Ku tattauna da malaminku na Lissafi ko na Fizis, ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku. Za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.