Mu Daina Aro Dodo Daga Amurka

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja muna da wata cuta da ba ma son a faɗa. Ka ce wa ɗayanmu ya zana dabbar zamanin da domin wasan tara dodanni a gwabza su, irin Pokémon, ka ba shi mako guda. Tun kafin ya buɗe kwamfuta mun san abin da zai kawo: ƙaton kai, guntayen hannuwa, haƙora a waje, wuta na fita ta baki. Tyrannosaurus ne aka shafa wa jan fenti. In kishin gida ya motsa masa, sai ya ɗora masa hula zanna ko ya raɗa masa suna Dodo. Mu ma mun yi haka, shi ya sa muke da bakin magana.

Wannan lalaci ne, kuma lalacin yana jawo mana asara. Tyrannosaurus dabbar Arewacin Amurka ce. A can aka tono ƙasusuwanta, a can aka ba ta suna a 1905, fim ɗin Jurassic Park na 1993 kuma ya cusa ta a kan kowane yaro a duniya. Masu Pokémon ma sun riga sun yi nasu, Tyrantrum, tun 2013. Me ya rage da za mu ƙara? Kayan aro ba ya rufe katara, balle kayan da dubban mutane suka riga suka sa har ya koɗe.

Abin takaicin shi ne muna zaune a kan abin da wasu ke tsallako teku su nema. A hamadar Tenere da ke jihar Agadas akwai wani wuri da ake kira Gadufawa. Wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, wurin koguna ne da ciyayi. A nan aka samo Sarcosuchus, dangin kada mai tsawon da ya kai mita tara ko fiye, wanda masana biyu 'yan Faransa, France de Broin da Philippe Taquet, suka ba suna a 1966. A nan Taquet ya tono Ouranosaurus mai dogayen ƙasusuwa a gadon baya, wanda ƙwarangwal ɗinsa ke gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. A nan ne Suchomimus mai bakin kada, maciyin kifi, ya fito a 1998. A yankin Ingal kuma aka samo Jobaria, wadda sunanta ya fito daga Jobar, wata halitta a tatsuniyoyin Abzinawa.

Kada 'yan Najeriya su ce wannan rabon Nijar ne kaɗai. Akwai lokacin da teku ya ratsa ƙasar da take Sakkwato a yau. Wani ƙaton ƙadangaren ruwa da ya rayu a cikinsa yana ɗauke da sunan Goronyo: Goronyosaurus, tun 1972. Mutum nawa ne a cikinmu, har da 'yan Sakkwaton, suka taɓa jin wannan? Mun haddace sunayen dodannin Japan ɗari, ba mu san na bayan gidanmu ba.

Za a ce mana kasuwa ta san Tyrannosaurus, ba ta san waɗannan ba. Wa ya san Pikachu kafin 1996? Satoshi Tajiri, wanda ya faro Pokémon, yaro ne mai kamun ƙwari a unguwarsu a wajen Tokyo, daga nan tunanin ya tsiro. Dodanni 151 na farko cike suke da abubuwan da ɗan Japan ya tashi yana gani yana ji, har da dila mai wutsiya tara ta tatsuniyoyinsu. Bai tsaya jiran kasuwa ta san su ba. Wasan ya yi daɗi, duniya ta koyi sunayen. Yau sun haura dubu.

Amma a nan akwai rami na biyu, kuma ya fi na farko haɗari domin yana kama da kishi. Wani zai ji wannan magana ya ɗauko hoton Sarcosuchus, ya miƙa wa ƙirƙirarriyar basira ta yi masa ado, ya ce ya gama. Bai gama komai ba. A wasan gwabzawa, zane riga ce kawai. Dodo lissafi ne: ƙarfinsa nawa, saurinsa nawa, me yake iya yi, wa ke cinsa da yaƙi. Idan lissafin bai fito daga jikin dabbar ba, fenti ka sake, tsohon Tyrannosaurus ɗin yana nan a ƙasa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Nigersaurus, wadda Paul Sereno na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka ba suna a 1999, maciyiyar ciyayi ce mai tsawon kusan mita tara. Bakinta faffaɗa ne, miƙe a gaba, ya fi sauran kan faɗi. Haƙoranta sun haura 500, jere a layi-layi, sabo na jiran tsoho ya faɗi, kuma masana sun ƙiyasta cewa kowane haƙori yana sauyawa cikin kwana 14. Ƙasusuwan kanta sirara ne ƙwarai, har haske na ratsa wasu. Ciyayin da ke kusa da ƙasa take kiwo.

To, mu kira namu dodon Girbau. Duk abin da zai yi a fagen daga, daga waɗancan bayanai za mu ciro shi. Babban makaminsa girbi ne: yana share duk ciyayin filin, ya ƙara wa kansa lafiya, ya hana abokin gaba mai dogaro da ciyayi amfana. Kowane cizo yana cinye masa layin haƙori ɗaya, ƙarfin cizon ya ragu, bayan zagaye biyu sabon layi ya fito. Saboda haka mai wasa dole ya riƙa ƙidaya, ya san lokacin kai hari da lokacin haƙuri. Jikinsa na da juriya, amma duka ɗaya a ka yana yi masa illa ninki biyu. Tunda kansa a sunkuye yake, ba ya iya taɓa mai tashi sama. Ga ƙarfi, ga farashinsa, ga mai maganinsa. Yaron da ya sha kashi sau uku da Girbau zai gane da kansa cewa kan dabbar ba shi da ƙwari, zai kuma tambayi dalili. Ranar da ya tambaya, ya shiga ajin kimiyya ba tare da an kora shi da bulala ba.

Wani zai ce ai wasa ne, wa ya damu da gaskiyar ƙashi? Masu Pokémon sun damu, har sun yi wa kansu dariya da ita. A wasansu na 2019 sun fito da Dracovish da 'yan uwansa, dodannin da aka haɗa kan wannan da gangar jikin wancan, abin da ke tuna wa mutum kurakuran masu tonon ƙasusuwa na farko. Sai wanda ya san ƙa'ida yake iya karya ta a yi dariya. Wanda bai sani ba, in ya karya, shirme ya yi. Ba mu hana kowa sa wa Girbau launin shuɗi ko ba shi tsafi ba. Muna cewa a fara karantawa, sannan a yi ƙari.

Ga kuma abin da ya sa maganar ta wuce wasa. Ƙasusuwan nan da yawa sun tafi ɗakunan bincike a Paris da Chicago. Wannan magana ce ta gwamnatoci da gidajen tarihi, ba mu da iko a kanta. Amma akwai abin da ke hannunmu. Dubban matasa a intanet sun fara jin sunan Nigersaurus ne ta wata ƙazamar barkwanci, inda ake tambayar wace dabba ce mai haƙora 500 domin a karkatar da sunan ya koma zagin baƙar fata. Sunan ƙasar Nijar ne a jikin dabbar. Mun bar fili, wasu suka cika shi da abin da suka ga dama. Ba a maganin irin wannan da ƙorafi a Facebook. Ana maganinsa ne da dodon da yaro a Maraɗi da yaro a Sao Paulo za su yi rigima a kan wa ya fi iya sarrafa shi.

Mun san uzurin da ke tafe: babu wuta, data ta yi tsada, babu mai zuba jari. Duk gaskiya ne, muna cikinsa tsundum. Sai dai tsara dodo ba ya cin ko sisi. Takarda ce da fensir da jadawalin lissafi. Kayan gina wasa irin su Godot kyauta ne. Wutar da muka ƙona muna kwaikwayon Tyrannosaurus ita ce dai za ta ishe mu zana Goronyosaurus.

Don haka ga abin da muke nema daga 'yan uwanmu masu manhaja da masu zane da marubutan da ke karanta wannan shafi. Kowa ya zaɓi dabba ɗaya daga Gadufawa ko Ingal ko Sakkwato. Ya karanta ta har ya san abu uku da jikinta ke iya yi da abu ɗaya da ba ya iyawa. Ya raɗa mata sunan da kaka za ta iya faɗa ba tare da ta ciji harshe ba. Sannan ya kawo ta fili mu gwabza da Girbau. Wanda ya sake zuwa mana da jan Tyrannosaurus mai hula, za mu tambaye shi a wane ƙauyen Sakkwato aka tono shi.