RA'AYINMU: FILIN WASA DA BARCIN DARE

Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar firamare, ko da gwajin koyarwa ne na 'yan makonni, ya san darasin da a kan fara yankawa idan jarrabawa ta matso, watau darasin motsa jiki. Sai hedimasta ya dubi jadawali ya ce a mai da wannan lokaci na Lissafi, ba kuwa mai ce masa don me, domin an ɗauka wasa alfarma ce da a ke yi wa yara. Mu dai muna ganin wannan kuskure ne, kuma ya fi cutar da yara masu lalurar otizim fiye da sauran 'yan'uwansu.

Otizim wata halitta ce ta ƙwaƙwalwa wadda alamunta kan bayyana tun yaro yana ƙarami. A shekarar 1943 ne wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta filla-filla bayan ya lura da yara 11. Irin wannan yaro ya kan sha wuyar cuɗanya da mutane, wani ya yi jinkirin magana, wani ya riƙa maimaita abu guda ba gajiya, ƙara kaɗan ko sauyin abin da ya saba kan tayar masa da hankali. A wajenmu a kan haɗa su da masu wasu lalurori dabam a kira su duka masu galahanga, ko ma a ce iska ce ta taɓa su. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Ke nan makaranta mai ɗalibai 600 da wuya a rasa su a cikinta, ko an gane su ko ba a gane ba.

Abin da malami ba ya gani shi ne daren irin wannan yaro. Binciken likitoci ya nuna kashi 50 zuwa 80 cikin 100 nasu suna fama da matsalar barci. Wani sai dare ya raba idonsa biyu, wani ya kwanta lafiya amma ya farka ƙarfe uku ya shiga zagaya ɗaki, uwa tana biye da shi kada ya buɗe ƙofa. Alhali kuwa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin sa'a 9 zuwa 12. Gari na wayewa a kawo shi aji a gajiye, ya kasa zama wuri ɗaya, ya yi ta kuka ko duka, malam ya ce taurin kai ne ya ɗauko bulala. Ɗaya daga cikin dalilan da masana suka gano shi ne da yawansu jikinsu ba ya fitar da melatonin yadda ya kamata, watau sinadarin nan da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, wanda ke shaida wa jiki lokacin kwanciya ya yi.

To, ina ruwan filin wasa da wannan? A Hong Kong, wani malamin jami'a mai suna Andy Tse da abokan aikinsa sun raba yara 40 masu otizim gida biyu. Kashi ɗaya aka riƙa koya musu ƙwallon kwando sau biyu a mako, minti 45 kowane zama, har mako 12, ɗaya kashin kuma aka bar su kan abin da suka saba. Sakamakon da suka buga a 2019 ya nuna barcin waɗanda suka yi wasan ya inganta. A 2022 suka sake buga wani, wannan karon da gudun sassarfa da safe, aka ga barci ya gyaru, melatonin kuma ya ƙaru. Yara 40 ba taro ba ne, kuma ba wanda ya ce gudu yana warkar da otizim. Amma hankali ma zai ɗauka: hasken safiya yana daidaita agogon jiki, gajiya tana jawo barci, fargaba kuma tana raguwa bayan an yi gumi. Ga shi ba a sayensa a kantin magani.

Wani zai ce ai iyaye sai su fitar da 'ya'yansu su yi wasa a unguwa. Mai faɗin haka bai san unguwa ba. Yaron da a ke tsokana, wanda kuma a ke tsoron ya bi hanya ya ɓata, kulle shi a ke yi a gida, a miƙa masa wayar hannu don a sami sa'ida, hasken wayar nan kuwa da dare shi ma yana jinkirta fitar melatonin. Makaranta ce ke da fili da shinge, ita ce kuma ke riƙe da yaron a sa'o'in safiya.

Sai dai fa yadda mu ke tafiyar da darasin, korar irin waɗannan yara ya ke yi. A saki yara 70 lokaci guda, ga usur, ga ihu, a naɗa kyaftin biyu su zaɓi 'yan wasa, shi kuwa wanda ƙafarsa ba ta saba da ƙwallo ba a bar shi a gindin darbejiya yana gadin takalma. Da yawa daga masu otizim suna da wahalar sarrafa gaɓoɓi, kuma wasan da ƙa'idarsa ke canzawa kowane minti yana rikita su. Abin da ya fi karɓarsu shi ne lokaci tsayayye da ba ya sauyawa, ƙaramin rukuni, da wasa mai tsari kamar zagaya fili, tsallen igiya, ko jefa ƙwallo a kwando. Malami ya nuna da jikinsa ko da zane maimakon dogon bayani, ya ɗaga hannu maimakon hura usur. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kwangila.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami motsa jiki na minti 60 a kullum, ta kuma faɗa ƙarara cewa har da masu nakasa. A Nijeriya, dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilmi ba tare da wariya ba. Darasin motsa jiki yana cikin ilmin nan.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu na Tsangayar Ilmi da za su fita gwajin koyarwa, idan an ba su wannan darasi kada su mai da shi lokacin gyaran littattafai, kuma su tambayi iyaye ƙarfe nawa yaro ya ke barci, su rubuta, su sake tambaya bayan wata guda. Waɗanda kuma suka riga mu kama aiki a Ma'aikatar Ilmi, idan sun je duba makaranta, bayan rajista da littafin shirin darasi, su leƙa fili da ƙarfe tara na safe su ƙirga yaran da ke tsaye a gindin itace.