Tsoron da kaza ke ji, aljihunka yake taɓawa

'Yan uwa masu shirin fara kiwo, kullum tambayarku abinci da rigakafi. Ba mai tambayar yadda ake kama kaza, alhali a nan jari yake zubewa.

Ku duba yadda ake shigo da kaji kasuwa a Katsina: an ɗaure ƙafafu, an rataye su kai a ƙasa a bayan babur, cikin ranar Afrilu. Broiler ba kazar gida ba ce, jikinta ya fi ƙarfin zuciyarta. In ka fizge ta ta fiffike sai jini ya kwanta a naman, mai gashi ya gani ya rage maka kuɗi. Mai ƙwai kuwa in ta firgita, gobe za ka gani a kiret. Kama su da asuba ko da dare, haske kaɗan, hannu biyu, ba ihu ba guje-guje. Tarwaɗa ma haka, a tace ta da sanyin safiya, kuma kar a ba ta abinci kafin nan.

Wadda ta yi suna a duniya kan wannan, Temple Grandin ce, farfesa a Jami'ar Jihar Colorado a Amurka, haihuwar 1947. Tana da galahanga, ba ta fara magana ba sai da ta haura shekara 3. Ita ce ta riƙa shiga hanyar da ake kora shanu don ta ga abin da suke gani: inuwa, sarƙa mai lilo, ƙyallin ruwa a ƙasa. Abin da ma'aikata ba su lura da shi ba, shi ke sa saniya ta turje. Manyan mayankan Amurka da tsarinta suke aiki.

Mu fa? Irin yaran nan sai mu ce aljanu ne, mu kulle su a ɗaki. Ba kowane ne zai zama Grandin ba, kowa da irin tasa lalurar, kuma ganin likita dole ne. Amma da yawansu suna son aiki mai tsari ɗaya kullum, suna lura da ƙaramin canji, kuma kiwon kaji kenan. In akwai shi a gidanku, ku gwada shi da kaji 10 da babba a kusa: ruwa, abinci, kwasar ƙwai, lokaci ɗaya kullum. In hayaniya ko warin ɗakin ya dame shi, kar a tilasta masa.