Wa Ke Sauraron Kifayen Daberam?

A farkon shekarun 1980, mazauna gidajen kan ruwa a garin Sausalito na jihar Kalifoniya sun sha fama da rashin barci. Da zarar dare ya yi a watannin zafi, sai wani gunji mai kama da na janareta ya taso daga ƙasan teku. Aka zargi injinan tura ruwan ƙazanta, aka zargi sojojin ruwa. Sai a 1985 masana, ciki har da John McCosker, suka gano cewa mai gunjin wani kifi ne da ake kira midshifman, wanda tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba.

Namijin ne mai kukan. Yakan haƙa sheƙa a ƙarƙashin dutse a bakin gaɓa, ya riƙa karkaɗa tsokar da ke manne da jakar iskar cikinsa kimanin sau 100 a daƙiƙa guda, wani lokaci fiye da awa ɗaya ba yankewa, domin kiran mace. Farfesa Andrew Bass na Jami'ar Cornell ya shafe shekaru yana binciken wannan kifi. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa mazan iri biyu ne: babba mai gini da kira, da ƙarami wanda ba ya kira, sai dai ya laɓe ya saci damar barbarar ƙwai. Sun gano kuma cewa jin macen yana ƙara kaifi a lokacin haihuwa. A 2008 suka wallafa a mujallar Science cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa wannan kira ya yi daidai da wanda ke sarrafa murya a kwaɗi da tsuntsaye da masu shayarwa.

Ina ruwan Daura da kifin tekun Fasifik? Ruwanta a nan yake: mu ma kifayenmu ba bebaye ba ne. Duk masuncin da ya taɓa cire ƙurungu daga koma ya san ƙarar da yake yi idan ya goga ƙayar gefensa a gurbinta. Masana a Jami'ar Liyej ta ƙasar Beljiyam sun naɗi sautin da namijin karfasa yake fitarwa yayin da yake tsaron ramin da ya haƙa domin haihuwa. Karfasar da ake soyawa a kasuwar Daura ke nan, amma a Turai aka saurare ta.

Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu saurari madatsun ruwanmu da kanmu, musamman Daberam da Sabke. Kifi yakan yawaita kira a lokacin haihuwa da kuma wurin haihuwa. Wanda ya jefa na'urar sauraron ƙarƙashin ruwa a wurare kaɗan, ya naɗi sauti tsawon damina biyu ko uku, zai iya sanin makonnin da ya kamata a ɗaga ƙafa daga su, da lungunan da ya kamata a keɓe, ba tare da ya kashe kifi ko ɗaya ba. A yankin da damina gajeruwa ce, ruwa yake ja da baya da rani, ake kuma jefa raga mai ƙananan idanu, kama uwa da ƙwai a cikinta cin jarin baɗi ne.

Wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya: ga tsadar abinci, ga matsalar tsaro, sai a kashe kuɗi a kan kukan kifi? Tambaya ce mai nauyi. Sai dai kifin ma abinci ne, kuma sana'ar gidaje ce masu yawa. Na'urar ba ta kai kuɗin babur ba, abin da take bukata shi ne ɗalibi mai haƙuri da malami mai sa ido. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana koyar da ilimin kifi, Daura tana da kwalejin fasaha ta tarayya, asusun TETFund kuma yana da kason bincike.

Sharaɗi ɗaya ne: kada a fara ba tare da masunta ba. Su suka san inda kifi yake taruwa, su ne kuma za su bi dokar hutun su ko su karya ta. Idan sarakunan ruwa suka ji sautin da kunnensu, aka haɗa shi da abin da suka gada, masarauta za ta iya sanya ranar rufe su da ranar buɗewa bisa hujjar da kowa ya shaida. Dokar da aka gina haka ta fi wadda aka aiko daga ofis daɗewa.