Ƙatuwar wufa ba ta gyara waƙa: Magana ga masu situdiyo a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Kwanakin baya wani ƙanena da ke da ɗan situdiyon ɗaukar waƙa a Ƙanƙara ya kira ni in zo in ga sabon kayan da ya saya. Wufa ce mai inci 18, irin wadda masu kiɗan biki ke ɗorawa a mota, ya girke ta a kusurwar ɗakin da yake haɗa sauti. Da ya kunna, sai da kwanon rufi ya ɗauki rawa, ƙofar ƙarfe tana karkarwa. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Yaya, yanzu na kamo 'yan Kano."

Na ce ya turo mini waƙar da ya gama haɗawa a wayata. Muka fito waje muka saurara. Muryar mawaƙin na nan, fiyano na nan, amma kiɗan ƙasan da ya girgiza mu a ɗaki ya ɓace ɓat, kamar an yi miya babu gishiri. Kuɗin da ya zuba a wannan wufa kuwa na babur ɗinsa ne da ya sayar.

Abin da ya sa na ga ya dace in yi rubutu ke nan. A waɗannan ƙananan hukumomi da matsalar tsaro ta hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, situdiyo na cikin 'yan sana'o'in da matashi zai yi a cikin gari ya ci abinci: waƙar amarya, begen Manzo, tallan shago, ga kuma waƙoƙin siyasa idan kaka ta kama. Kowa na kallon Dauda Kahutu Rarara, wanda ya fito daga ƙaramar hukumar Ɗanja a nan kusa, yana cewa shi ma zai iya. Amma jarin irin wannan matashi ba ya jure kuskure biyu, kuma kuskuren da na fi gani shi ne sayen wufa don ƙarfinta.

Aikin wufar filin biki daban, na wufar situdiyo daban. Ta biki an yi ta ne don jama'a su ji kiɗa a ƙirjinsu. Ta ɗakin haɗa sauti kuwa aikinta ta faɗa wa mai kiɗa gaskiyar abin da ke cikin waƙarsa, ko da gaskiyar ba daɗi. Idan wufa ta kumbura bes fiye da yadda yake, mai haɗawa zai ji ya yi yawa ya rage shi, waƙa ta fita waje ba ƙashi. Abin da ya faru da ƙanena ke nan.

Kuma babban mai laifin ma ɗakin ne. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Sautin ƙasa mai girgiza sau 40 a daƙiƙa, wato 40 Hz, tsawon zangonsa ɗaya ya haura mita 8. Yawancin situdiyonmu kuwa shago ne mai ƙafa 12 a kan 12, bai kai mita 4 ba kowane gefe. Irin wannan sauti ba shi da wurin miƙewa, sai ya bugi bango ya dawo ya ci karo da kansa. A ɗaki mai wannan faɗi, sautin da ke kusa da 47 Hz yana taruwa ya yi ƙarfi a jikin bango, a tsakiyar ɗaki kuma ya kusan ɓacewa. Da yake tsawo da faɗin ɗakin ɗaya ne, matsalar ta ninka. Wanda ke shakka ya kunna bes ɗaya tak ya zagaya ɗakinsa a hankali. Zai ji wani wuri kamar aradu, taku biyu gaba kuma shiru. Ƙara ƙarfin wufa ba ya cike wannan rami, domin sautin da ke dawowa daga bango shi ma ƙaruwa yake yi daidai gwargwado.

Sai maganar kwalin ƙwai da siririn soso da ake liƙa wa bango, waɗanda kusan sun zama tambarin situdiyo a ƙasar Hausa. Suna ɗan taɓa sautin sama, amma bes wucewa yake yi ta cikinsu kamar ba su nan. Abin da ke shanye shi abu ne mai kauri: audugar gilas ko ta dutse da ake sa wa gini, a cusa ta cikin firam na katako mai kaurin taƙi guda ko fiye, a rufe da yadi, a tsayar a kusurwoyi huɗu daga ƙasa har silin. Kowane kafinta a Funtuwa zai iya wannan aiki idan aka zana masa. A ganina wannan ne ya kamata ya ci kuɗin farko. Kujerar mai haɗa sauti kuma ta bar tsakiyar ɗaki, ta matso gaba kaɗan wajen bangon da sifikoki suke.

To, a daina sayen wufa ke nan? A'a. Masu cewa ana buƙatarta suna da hujja. Kiɗan yanzu ya sauka ƙasa sosai, musamman tun da salon amafiyano na Afirka ta Kudu ya shigo Najeriya da gangarsa mai zurfi, kuma ƙananan sifikokin situdiyo masu inci 5 ba sa kaiwa can. Wanda ba ya jin abin da ke ƙasa zai iya barin gurnanin da zai shaƙe sifikar mai kiɗan biki a gaban jama'a. Abin da nake cewa shi ne ɗaki mai ƙafa 12 ba ya buƙatar abin da ya wuce inci 8 ko 10, mai amfilifaya a jikinta, wadda aka ƙera don situdiyo. A saita ta karɓi sautin da ke ƙasa da 80 Hz kawai, a rage ƙararta har sai mutum ya daina gane inda take. Idan kana iya nuna wufa da yatsa idonka a rufe, ta yi yawa.

Akwai wata dabara ta kyauta wajen nemo mata mazauni. A ɗora wufar a inda mai haɗawa ke zama, a kunna kiɗa, mutum ya duƙa ya bi gefen bango yana saurare. Inda bes ya fi fita daidai, ba kumburi ba rami, nan za a ajiye ta. Mai kwamfuta kuma yana iya sauke manhajar Room EQ Wizard, kyauta ce, ya haɗa da makirfon awo ya ga hoton ɗakinsa da idonsa.

Masu son ƙera tasu su ma su saurara. Akwatin wufa ba akwatin lefe ba ne da za a ce wa kafinta ya yi shi daidai ido. Girman cikinsa lissafi ne da ya dogara da ita kanta sifikar, lissafin da wasu injiniyoyi biyu, Neville Thiele da Richard Small, suka shimfiɗa a ƙasar Ostareliya tsakanin 1961 da farkon shekarun 1970. Kamfanonin kirki suna buga waɗannan alƙaluma tare da sifikarsu. Wadda aka tsinto a kasuwa babu takarda, ƙera mata akwati caca ce. Ga situdiyo na fi son rufaffen akwati a kan mai rami: ƙararsa ba ta kai ta mai rami ba, amma bes ɗinsa na tsayawa da zarar kiɗa ya tsaya, kuma yana yafe ƙaramin kuskuren awo. A yi shi da katakon MDF mai kaurin milimita 18, a sa masa tokara a ciki, a toshe duk wata kafa da gam. Dubban wat ɗin da ake rubutawa a jikin kwali da haruffan PMPO kuwa talla ce kawai. RMS ake dubawa. Kuma duk wat ɗin da aka ƙara, batirin sola ko man janareta ne zai biya.

Wani abin da mutumin birni ba zai kawo a ransa ba shi ne dare. Bes na ratsa bangon bulo cikin sauƙi, kuma a Faskari ko Sabuwa, inda mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, dum-dum daga nesa da tsakar dare ba abin wasa ba ne. Ƙatuwar wufa na iya haɗa mai situdiyo da maƙwabta da mai unguwa kafin ta kawo masa kwastoma ko ɗaya.

A tuna kuma da wanda zai saurari waƙar. A ƙauyukan nan ta waya ake jinta, an tura ta Bluetooth ko an loda a memori wajen mai caji, wani lokaci a 'yar rediyon MP3 da ke rataye a babur. Sifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa kwata-kwata. Shi ya sa ƙwararru ke ɗan ƙara wa bes kaifi ta yadda inuwarsa za ta bayyana a sautin tsakiya, kunne ya cike sauran da kansa. Sifikar Yamaha NS-10 da ta fito a 1978 ba ta da wani bes na a zo a gani, amma ta zauna a manyan situdiyon duniya shekara da shekaru, saboda waƙar da ta yi daɗi a kanta takan yi daɗi ko'ina. Kalangun Mamman Shata ma a ƙananan rediyo da kaset iyayenmu suka ji shi, kuma har yau ana gane kowane bugu.

Ƙanena bai yarda da ni nan take ba. Ya ce masu kawo aiki suna son su ji ɗaki na girgiza kafin su biya, kuma ban musa masa wannan ba. Mun rabu a kan zai nemi mai kiɗan biki ya sayar masa da wufar, ya sa kafinta ya yi masa kusurwoyi huɗu, sannan duk waƙar da ya gama sai ya ji ta a waya da cikin mota kafin ya miƙa wa mai ita. Makon jiya ya turo mini wata waƙar amarya da ya haɗa da ƙananan sifikokinsa kawai. A wayata na saurare ta, kuma gangar ta fito.