An rubuta sunan mai jirgi, ina sunan wanda ya sassaƙa shi?

Duk kwalekwalen da ke bakin teku a Jamestown ko Chorkor yana da suna a jikinsa. Wani ayar Baibul ce aka rubuta masa, wani karin magana da yaren Ga ko Fante, wani kuma tutar Amurka ko ta Birazil aka zana. Akwai ma lambar rajista ta hukumar kula da kamun kifi. Amma ka tambayi wanda ya sassaƙa jirgin, a wane daji, a wace shekara, sai ka ga ana kallon juna. Idan tsohon jirgi ne da ya yi hannu uku ko huɗu, to ba mai sani kuma. A ganina asara ce, kuma gyaranta ba ya cin kuɗi.

Ai ba a bakin teku ake fara jirgin ba. Gindinsa gungume ɗaya ne na itacen wawa, mara nauyi, mai sauƙin sassaƙa, wanda ke fitowa a dazukan ƙasar Asante da Ahafo da yamma. Masassaƙa, da yawansu mutanen Prampram ne, kan tare a daji makonni suna aiki da gatari da gizago har su rarake cikinsa. Sannan a ɗora shi a babbar mota a kawo shi gaɓa, kafinta ya ƙara masa katako a gefe don ya yi zurfi, ya sa masa benci da wurin ɗaura inji, mai fenti ya zo daga ƙarshe. Ke nan hannu uku ne aƙalla, kuma na farkon, wanda aikinsa ya fi wuya, shi ne ba a ambata.

Duk da haka jirgi ba ya ɓoye asalinsa ga wanda ya iya dubawa. Tsawonsa da faɗinsa kan nuna aikin da aka yi shi dominsa: manyan na jan taru ne irin su ali da poli da watsa, ƙanana na ƙugiya. Sawun gizago a cikinsa daban yake da na zarton inji. Jirgin da aka sassaƙa don a kafa masa sanda da ƙyalle iska ta tura shi, kamar yadda ake yi kafin injin ya yaɗu wajen 1960, za ka ga gurbin sandar a bencinsa. Tsofaffin masunta kuwa sukan kalli lanƙwasar goshin jirgi su ce wannan hannun mutanen wuri kaza ne. Ilimin yana nan, a kawunan dattawa yake, ba a takarda ba. Su kuma dattawan ba jiranmu suke yi ba.

Wani zai ce, Malam, mu 'yan Nima da Mamobi me ya haɗa mu da jirgin masunta? Mu fa 'yan kasuwa ne. To ai kasuwar ce ta haɗa mu. Gishirin Ada da kakanninmu suka yi ta saye a Kete Krachi, garin da Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934, a kwalekwale ya hau kogin Volta kafin a kai shi Salaga. Sojojin Hausawa da Kyaftin Glover ya kawo daga Ikko a 1873 ba a kan gada suka sauka ba, domin Akra ba ta da tashar manyan jirage. Jirgi kan tsaya can nesa ne, ƙananan jiragen katako su yi ta jigilar mutane da buhunan koko cikin igiyar ruwa, har aka buɗe tashar Tema a 1962. Ina waɗannan jiragen yau? Su wa suka ƙera su?

Dubi abin da ya faru a Najeriya. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako. Da masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, shekarunsa wajen 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. An gano irin itacen, an auna shekarunsa, amma sunan masassaƙin ya tafi har abada. Wancan ba laifin kowa ba ne. Namu fa? Masassaƙan suna raye, wasunsu ma suna da waya a aljihu.

Abin da nake kira a yi ƙarami ne. Hukumar da ke yi wa jirage rajista ta ƙara layi uku a fom ɗinta: sunan masassaƙi, dajin da aka sare itacen, da shekara. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe tun 1957, ya sayi tsofaffin jirage biyu ko uku kafin a faskara su a gasa kifi, domin makomar yawancinsu ke nan. Lokaci kuwa ya ƙure: manyan itatuwan wawa suna ƙaranci, ana ta maganar koma wa jiragen roba, sabuwar tashar Jamestown da aka buɗe a 2024 ma ta sauya fasalin gaɓar.

Mu malamai kuma namu ya fi sauƙi. Daga Nima zuwa Jamestown tafiyar trotro ce. A ɗauki 'yan aji ɗaya ranar Talata, ranar da masunta ba sa fita teku, jirage duk suna kan yashi. Kowane rukuni ya zaɓi jirgi ɗaya, ya auna shi da igiya, ya zana goshinsa, ya nemi izinin shugaban masunta ya tambayi mai jirgin daga hannun wa ya saya. A ajiye littafin a makaranta, 'yan aji na baɗi su ɗora daga inda aka tsaya.